Kunnen Baba da Jif ɗin Lauya

A garejinmu ba a miƙa wa mai mota makullinsa sai Baba ya ji injin. Haka muka taso muka tarar, kuma ko da idonsa ya yi yana har ya daina gane fuskar mutum sai an yi magana, dokar ba ta canza ba. Za a tada motar, a kamo hannunsa zuwa gaban bonet, ya ɗora tsinin doguwar sukudireba a jikin injin, ya manna ƙotar a kunnensa. Mu kuma mu tsaya cirko-cirko muna jiran hukunci.

Mu biyu ne ’ya’yansa maza, ni da Auta. Na girme shi nesa ba kusa ba. Ni na koya masa riƙon sufana, ni na goya shi zuwa kemis ranar da fanka ta kusa raba shi da yatsa. Amma in Baba ya saurari aikin Auta, nan da nan za ka ga fuskarsa ta saki, ya gyaɗa kai, ya koma kujerarsa. In nawa ne kuwa, sai ya yi ta yawo da sukudireba daga wannan kusurwa zuwa waccan, kuma duk wanda ya nace da nema ba ya rasa abin faɗa. “Akwai notin da bai ji hannu ba,” in ji shi. Zan bi notunan ɗaya bayan ɗaya, in tarar kowanne a ɗaure tam, in dawo in ce na ƙara ɗaurewa. Sai ya ce, “Ka ji yanzu ya fi.”

Ina kishin Auta, ba zan tsaya kwana-kwana ba. Abin haushin shi ne yaron ba shi da mugun hali. Da mai girman kai ne da na huta, in tsane shi hankalina kwance. Amma kullum shi ne “Yaya, sannu da aiki,” shi ne “Yaya, zo ka ga wannan.” Shi ya kawo mana aikin turbo gareji. Ga wanda bai sani ba, turbo wata fanka ce a cikin kasko mai siffar katantanwa. Hayaƙin salansa ne ke juya ta, ita kuma ta riƙa ɗura wa injin iska da ƙarfin tsiya, ya ci mai fiye da da, ya yi gudun da masu ƙera shi ba su nufa ba. Tun da Auta ya fara wannan aiki da ’yar kwamfutarsa, masu manyan motoci suka san ƙofarmu. Suka laƙaba masa Injiniya. Ni kuma, da na yi shekaru ina kwanciya a ƙarƙashin motocinsu, na koma “yayan Injiniya”.

Wata safiya wani kwastoma da muke kira Lauya ya shigo da jif ɗinsa, baƙa wuluk, mai fulogi takwas, kujerunta na fata ruwan madara, har da ’yar firiji tsakanin kujerun baya. Ina tsaye a bakin ƙofa ya wuce ni kamar turken fitila.

“Injiniya, ina so ka sa mata turbo,” ya ce wa Auta. “Biyu ma, in za ta ɗauka.”

“Ranka ya daɗe, ai motar nan tana da ƙarfi,” in ji Auta. “Me ta rasa?”

“Abokin aikina ya wuce ni a kan hawa da tasa. Wucewar ba ta dame ni ba. Hannu ya ɗaga mini, yana murmushi.”

Auta ya yi dariya. Ni ban yi ba, domin duk garejin babu wanda ya fahimci mutumin nan kamar ni.

Kayan turbo da aka yi oda ba su kai ga isowa ba jinin Baba ya hau, ya yanke jiki a bakin famfo. Ƙanwarmu, wadda duk muke kira Nas saboda aikinta, ta ɗauke shi zuwa gidanta, ta ce ba gareji ba hayaniya sai abin da hali ya yi. A makon ne kuma wata motar ɗaukar yashi ta goge Auta a kan babur, hannun dama ya karye, haƙarƙari ya tsage. A hanyar sayo wa Baba magani abin ya faru. Allah ya yafe mini, bayan na tabbatar zai tashi, abin da ya fara zuwa raina shi ne hatta karayarsa mai lada ce.

Nas ta tare ni a barandar asibiti.

“Yaya, kada Baba ya ji. Jininsa bai sauka ba, kuma ka san yadda yake da Auta.”

“Na sani. Wa ya fi ni sani?”

“In ya tambaya, ka ce aikin jif ɗin nan ne ya riƙe shi. Zai riƙa kiransa a waya.”

Da aka sallami Auta, hannu a naɗe cikin farin siminti, ya tura mini kwamfutarsa da hagu. “Komai yana ciki, Yaya. Lauya ya yi tafiya, ya ce a ci gaba. In ka maƙale ka kira ni, ko da wane lokaci ne.” Na ce to. A raina na ce in na kira ka a canza mini suna.

Akwatunan suka iso, na rufe ƙofar gareji na fara. Cikin bonet ɗin jif ɗin nan a cushe yake, ko tafin hannu da ƙyar yake shiga. Turbo na dama ya zauna lafiya. Na hagu ya ce sam, sandar sitiyari ta tare masa hanya. Na yini ina kallonsa, sannan na yanke bututun da aka aiko da shi, na karkatar da shi, na yi waldarsa da hannuna.

Da yamma na je duba Baba. Yana kwance a ɗakin baƙi na gidan Nas, rediyo a gefen filo, kwalaben magani jere a kan taga. Na gaishe shi, ya amsa, kafin in zauna ya ce, “Auta fa?”

“Yana kan jif ɗin Lauya, Baba.”

“Ta yaya ya saka turbo na hagu? Irin motocin nan sitiyari ne ke tare wuri.”

Sai na ji bakina yana cewa, “Yanke bututun ya yi, ya karkatar da shi ta bayan sandar, ya yi walda.”

Baba ya tashi zaune, abin da Nas ta ce ya kwana biyu bai yi ba. “Da kansa ya yi waldar? Kai, yaron nan akwai kai. Wani da guduma zai bi ta, ya lotsa jikin mota. Ka gani ko? Irin abin da nake so ka riƙa lura da shi ke nan.”

Na ce ina lura.

Na fito daga gidan ƙirjina kamar an zuba garwashi, amma kuma wani daɗi na bina har cikin ƙafa. Tun da nake ban taɓa jin Baba ya yabi abin da hannuna ya yi ba. Ga shi yau ya yaba, sai dai da sunan wani aka karɓa. Washegari tun rana ba ta yi sanyi ba na wanke hannu na koma.

Haka abin ya zame mini jaraba. Duk abin da na yi da rana, da yamma zan kai wa Baba a matsayin aikin Auta. Na gaya masa yadda Auta ya saka lagireton sanyaya iska a bayan bamba, ya rage ƙarfen ciki yadda ko mai motar ba zai ga an taɓa ba. Na gaya masa Auta ya canza famfon mai da nozul zuwa manya, don kada injin ya sha iska ya rasa abin haɗiya. Ranar da na lura tiyon baƙin mai ya bi ta kusa da kaskon turbo, inda zafi zai dafa shi cikin ’yan watanni, na sauya masa hanya na naɗe shi da ƙyallen zafi, har sauri nake in je in ba da labari. Baba ya tafa hannu ya kira Nas daga kicin, wai ta zo ta ji abin da ƙaninta ya hango. Nas ta tsaya a bakin ƙofa ta dube ni, na kawar da kai.

Matata ta ce na fara fito a banɗaki, ko na samu wata ce. Na ce mata tsoho ne mai hawan jini.

Sau ɗaya na gwada sa’ata. Na riga na yanke shawarar ba zan matsa wa injin iska har ƙarshe ba, domin fistin ɗinsa na asali ne, ba a yi su don wannan wahala ba. Na ce, “Baba, ni kuwa na ba da shawara a rage iskar kaɗan, saboda fistin.”

Ya ɗaga hannu. “Ka bar shi ya yi aikinsa. Kada ka tsaya masa a ka da shawarwari, ka rikita shi. Kai dai ka miƙa masa abin da ya nema.”

Na bari kwana biyu suka wuce, na dawo da maganar a wata riga. “Auta ya ce ba zai matsa iskar har ƙarshe ba, wai fistin ba za su jure ba.”

“Wannan shi ne hankali,” in ji Baba. “Tun yana ƙarami ba shi da haɗama.”

A ranar na tsaya a gefen titi, na kashe mota, na daɗe a zaune ina kallon masu wucewa. Ban san ko dariya zan yi ko kuka ba, sai na sayi lemu na sha.

Saura saita wa injin mai da wuta da kwamfuta, wadda kowa ya ɗauka ta fi ƙarfina. Abin da ba su sani ba, duk shekarun da Auta yake danne-dannensa ina tsaye a bayansa da tsumma a hannu, kamar mai goge gilashi, idona a kan allon. Lissafin da ya ajiye na wasu motoci yana ciki, ban buɗe ko ɗaya ba. Da sassafe nake fita da jif ɗin zuwa sabon titin bayan gari kafin manyan motoci su taso, kwamfutar a kujerar gefe. In taka, in saurara, in tsaya, in gyara. Akwai wata ƙara da injin ke yi in wuta ta riga lokacinta, kamar an kaɗa tsakuwa a gwangwani, kuma ita ce ke fasa fistin. Na bi ta a hankali har ta ɓace. Safiyar da na taka totur a kan hawa, kujera ta manne mini a baya, turbo biyun suka ɗauki fito siriri, na ɗaga ƙafa motar ta yi atishawa, ni kaɗai a ciki na yi ta dukan sitiyari.

Na biya gidan Auta. Yana zaune a falo, ya tura cokali cikin simintin yana susa.

“Yaya, abin nan ya ishe ni,” ya ce. “Jiya Baba ya kira ni yana ta sa mini albarka a kan wani tiyon baƙin mai. Ban ma san tiyon ba. Jininsa ya sauka, mu gaya masa gaskiya.”

“Ba yanzu ba.”

“Sai yaushe?”

“Sai ya ji injin.”

Ya dube ni, na ga ya gane. Abin da nake so ke nan: Baba ya ɗora sukudirebarsa, ya yanke hukunci da bakinsa a gaban mutane, sannan a ce masa aikina ne. In ya riga ya furta, ba shi da hanyar janyewa. Ba na neman ya rage wa Auta komai. So nake sau ɗaya ya gyaɗa kai a kan abin da ya san nawa ne.

“Allah ya sa,” in ji Auta. Yadda ya faɗe ta a sanyaye ya ba ni haushi, domin tausayina yake ji.

Ranar da Lauya ya dawo, Nas ta kawo Baba a motarta. Ya rame, amma muryarsa na nan. Auta ya riga mu zuwa, ya yafa babbar jaket a kafaɗa, ya tsaya ta yadda hagunsa ne ke wajen Baba. Lauya na gefe yana duba agogo. Na wanke jif ɗin har tana ɗaukar ido, ko da yake wanda nake so ya gani ba gani zai yi ba.

Na tada ta. Na kamo hannun Baba zuwa gaban bonet, na sa masa sukudireba a tafi. Ya ɗora ta wuri ɗaya, ya saurara. Ya matsa wuri na biyu.

“Taka mata,” ya ce.

Na shiga na taka. Fiton ya tashi, na saki, ta yi atishawa. Da na fito, na tarar fuskarsa ta saki, irin sakin da na sani sarai amma ban taɓa tsayawa a gabansa ba.

“Ranka ya daɗe,” ya ce wa Lauya, “tun da na buɗe garejin nan mota ba ta taɓa fita da aiki mai tsabta irin wannan ba. Ko numfashi ɗaya ba ta ɓata. Ka je ka nemi abokin naka.” Lauya ya washe baki, ya miƙo mini hannu yana jiran makulli. Baba ya juya. “Ina Auta? Zo nan, kawo hannun da ya yi aikin nan.”

Auta ya miƙa hagu. Baba ya ture shi yana dariya, ya laluba dama, yatsunsa suka sauka a kan siminti.

Abin da ya biyo baya ban sa shi a lissafina ba. Baba ya saki sukudireba ta faɗi. Ya shafa simintin daga wuyan hannu har gwiwa, yana tambaya yaushe, a ina, wane asibiti, ƙashin ya haɗu daidai, me ya sa aka ɓoye masa. Ya yi wa Nas faɗa, ya yi mini wanda ya fi nata. Nas ta jawo kujera, ya ƙi zama, wai Auta ne ya kamata ya zauna. Duk wannan jif ɗin na tsaye tana aiki a hankali, babu mai sauraronta sai ni.

Sai da ƙurar ta lafa Auta ya ce, “Baba, tun kafin kayan su iso na karye. Ko noti ɗaya ban taɓa a motar nan ba. Waldar, da tiyon, da kwamfutar, duk Yaya ne. Ko kirana bai yi ba.”

Baba ya juyo da fuskarsa wajen da yake zaton ina tsaye, ya ɗan kauce kaɗan, sai na matsa don ya same ni daidai.

“Kai ka yi?”

“Ni ne, Baba.”

“Kai kaɗai?”

“Ni kaɗai.”

Ya miƙa tafin hannu, Nas ta ɗauko sukudirebar daga ƙasa ta ba shi. Ya koma gaban bonet. Ya ɗora ta a dama, ya ɗora ta a hagu, ya sunkuya har hularsa na taɓa ƙarfe, ya dawo inda ya fara. Lauya ya janye hannunsa a hankali ya sa a aljihu.

“Akwai wani abu can ƙasa,” in ji Baba. “Ɗazu hankalina bai kai ba. Ban kama shi sosai ba, kunnen ya kwana biyu bai yi aiki ba. Auta, duba masa kafin a ba mutumin nan, kada mu ji kunya.”

“Baba, ai yanzu ka ce…”

“Duba dai. Ba a wasa da motar mutane.”

Mai hannu ɗaya ba ya riƙe fitila ya riƙe sufana, don haka ni na riƙe masa fitilar. Muka sunkuya tare a cikin zafin injin, kafaɗa da kafaɗa. Ya bi waldata da ido, ya taɓa ƙyallen da na naɗe tiyon da shi, ya gwada noti biyu da hagu. Bai yarda mun haɗa ido ba, ni ma ban nema ba.

Auta ya miƙe. “Babu abin gyarawa, Baba. Ni da kaina ba zan yi kamar haka ba.”

Baba ya gyaɗa kai, ya laluba kujerarsa ya zauna.

“To, tunda ka duba,” ya ce, “a ba shi makullinsa.”